Shari'ar Kisan Kai da Ta Cika Gari: Tambayoyin da Mutanen Damagaram Ke Yi Mini

Na daɗe ina raka 'yan'uwa da maƙwabta kotu, wani lokaci don in karanta masu takarda, wani lokaci don kawai kada su zauna su kaɗai a kan benci. Saboda haka duk ranar da aka yanke hukunci a wata babbar shari'ar kisa, tambayoyi kan same ni a fadar shayi, a ƙofar masallaci, ko a bakin Kasuwar Dole. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa.

Malam, faɗa mana gaskiya: akwai adalci a hukuncin manyan shari'o'in kisa, ko kuwa talaka ne kaɗai ke ji a jikinsa?

Akwai adalci, akwai kuma rashinsa, amma ba a inda mutane suke zato ba. Jama'a suna zuba ido ga ranar ƙarshe, ranar da alƙali zai ce shekara kaza. Ni abin da idona ya gani shi ne wannan ranar ta fi kowace rana tsabta a cikin dukan shari'ar, domin a bainar jama'a ake yin ta, doka kuma ta riga ta shata wa alƙali iyakar da ba zai tsallake ba. Ɓarnar takan faru tun da wuri: daren da aka tsinci gawa, wa ya zo, me ya rubuta, an kira likita ya duba ko an yi gaggawar sutura, wane shaida aka ji, wane aka manta da shi, wane suna aka ba laifin. Tun ran gini, tun ran zane. Mai hali yana da wanda zai tsaya masa a kowane ɗaya daga waɗannan matakai. Talaka, ko shi ake tuhuma ko ɗansa aka kashe, yakan farga ne bayan an ɗaure dosiye, wato takardun shari'ar, an kai gaban alƙali.

Mutum biyu kowanne ya kashe rai. Ɗaya ya samu shekara goma, ɗaya ɗaurin rai-da-rai. Wannan ba son kai ba ne?

Yana iya zama, amma ku fara tambayar sunan da aka ba laifin kafin ku zargi kowa. Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961 aka yi masa babban gyara a 2003, bai ɗauki kisa a matsayin abu guda ba.

Wanda ya shirya, ya wasa wuƙa, ya laɓe a lungu yana jiran mutum, hukuncinsa a doka kisa ne. Haka wanda ya kashe mahaifinsa ko mahaifiyarsa, haka wanda ya sa guba. Wanda ya kashe da niyya amma nan take, ba da shiri ba, ɗaurin rai-da-rai ke kansa. Wanda ya kai duka don ya ji wa mutum ciwo, sai ajali ya zo a ciki, nasa ɗauri ne na shekaru masu iyaka. Direba ko ɗan kabu-kabun da ya banke mutum da ganganci irin na sakaci, nasa ya fi duka sauƙi. Bayan wannan akwai kare kai, akwai taɓin hankali, akwai tsokanar da ta kai mutum bango, akwai kuma dalilan sassauci da alƙali ke da ikon dubawa. Wanda bai kai shekara 18 ba yana da alƙalinsa daban, kuma ba a yi masa hukuncin manya.

To ga inda gizo ke saƙa. Tsakanin "ya yi niyyar kisa" da "ya yi niyyar duka" sau da yawa tazarar ba ta wuce jimla ɗaya a bakin shaida ba, ko layi ɗaya a takardar likita. A wannan jimlar ake samun shekara ashirin ko a rasa ta. Lauya mai kaifin ido a nan yake zuba duk ƙarfinsa. Wanda ba shi da lauya bai ma san akwai wannan faɗan ba.

Wa ke riƙe da shari'ar daga farko zuwa ƙarshe?

'Yan sanda a cikin gari, jandarma a karkara, su ke fara bincike. Doka ta ba su sa'a 48 su tsare mutum, ana iya ƙarawa sau ɗaya da izini. Daga nan sai mai gabatar da ƙara na gwamnati, shi kuma ya miƙa wa alƙalin bincike, domin a babban laifi irin na kisa wajibi ne a bi ta hannunsa. Aikin wannan alƙali ya nemo abin da ke ɗaure wanda ake tuhuma da abin da ke wanke shi, duka biyun. Idan ya gama, sai a aika dosiye gaban masu yanke hukunci.

Dattawa sun san kotun asiz, wadda a da ke zama lokaci-lokaci, alƙalai tare da wasu 'yan ƙasa da aka zaɓo. Shekaru da dama kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne kacal a ƙasar nan, ta Yamai da ta Zinder, wato Damagaram, shi ya sa dosiyoyin Maraɗi, Diffa da Agadas suka riƙa taruwa a nan. Mutum sai ya yi shekaru a gidan kaso yana jiran zaman asiz. Gyaran dokar 2019 ya maye gurbinta da sassan manyan laifuka a cikin manyan kotunan jihohi, ya kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara. Ni ina ganin wannan gyara alheri ne.

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe: mai gabatar da ƙara yana ƙarƙashin ministan shari'a, yana karɓar umarni daga sama. Alƙalin da ke zaune yana yanke hukunci, a ƙa'ida, ba ya karɓar umarnin kowa. Sai dai naɗi da canjin wurin aiki suna bi ta majalisar ƙoli ta alƙalai, wadda aka saba shugaban ƙasa ke jagoranta. Ƙungiyar alƙalai ta SAMAN ta sha kokawa a kan katsalandan ɗin 'yan siyasa a gwamnatoci daban-daban. Alƙalin da ya san hukunci ɗaya na iya jefa shi wani gari mai nisa da iyalinsa yana buƙatar zuciya kafin ya sa hannu. Akwai masu wannan zuciyar, na gan su.

Surutun Facebook da WhatsApp yana canza hukunci?

Yana canza saurin shari'a, wannan kam babu tantama. Ku tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a watan Disamba 2021, aka gano gawarta a Janairu 2022. Har nan Damagaram mata sun yi kuka a kanta. A watan Yuli na shekarar, wata shida kacal, babbar kotun Kano ta yanke wa mai makarantar da take karatu hukuncin kisa. Tun kafin a fara sauraron shaidu gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Ganduje, ya faɗa a fili cewa zai sa hannu a takardar kisa idan kotu ta yanke.

Ba na jayayya da wannan hukunci. Abin da ke damuna biyu ne. Na farko, yara nawa aka kashe a wannan shekarar waɗanda hotonsu bai zagaya wayoyi ba, dosiyensu na nan ƙura ta rufe? Idan sai gari ya ɗauka kotu ke sauri, to uwar da ba ta da mai yaɗa kukanta an zalunce ta sau biyu. Na biyu, idan hukuma ta riga ta faɗi ƙarshen shari'a tun ba a fara ba, ranar da aka kama wanda ba shi ya yi ba, wa zai iya sakinsa? Alƙali ɗan Adam ne. Yana sallah a masallacin unguwa, matarsa na zuwa biki, yana jin abin da ake faɗi. Wanke mutumin da duk gari ya riga ya tsine wa ya fi ɗaure shi wuya nesa ba kusa ba.

Ku kuma yi hattara da abin da kuke turawa. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a 2024, tana kai mutum gidan kaso a kan ɓata suna. Sanya hoton wani da kalmar "makashi" kafin kotu ta yi magana yana iya juyowa kanku.

An ce an yanke wa wane hukuncin kisa, ga shi shekara da shekaru yana raye. Yaya ke nan?

Hukuncin kisa yana nan a dokar Nijar, kotuna kuma suna furta shi, amma rabon da a zartar tun 1976, zamanin Seyni Kountché, bayan yunƙurin juyin mulkin watan Maris na shekarar. A watan Disamba 2010, lokacin riƙon ƙwaryar Salou Djibo, an kawo shawarar soke shi gaba ɗaya, majalisar tuntuɓa ta ƙi amincewa. Muna nan tsaka-tsaki: ba a soke ba, ba a aiwatarwa. A aikace yakan koma ɗaurin rai-da-rai ta hanyar sassaucin shugaban ƙasa, irin wanda ake yi a lokutan bukukuwan ƙasa.

Wannan hali yana cutar da kowane ɓangare. Dangin mamaci sun ji "kisa" a kotu sun koma gida da zaton an gama, daga baya su ji labari daban, sai su ce an sayar da jininsu, alhali ba wanda ya karɓi ko dala. Da ana yi masu bayani tun a ranar, da zargin ya ragu.

To manyan mutane fa? An taɓa hukunta wani babba a kan kisa?

A nan ne amsata ta fi ɗaci. Ranar 9 ga Afrilu 1999 aka harbe shugaban ƙasa Ibrahim Baré Maïnassara a filin jirgin saman Yamai, da rana tsaka, a gaban mutane. Firaministan lokacin ya kira abin haɗari. Daouda Malam Wanké, shugaban dakarun da ke tsaron fadarsa, ya hau mulki. Tsarin mulkin da aka kafa a shekarar ya ƙunshi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999. Ma'ana an kulle ƙofar kotu tun kafin wani ya ƙwanƙwasa. Iyalinsa suka yi ta fafutuka har kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda a watan Oktoba 2015 ta ce Nijar ta tauye masu haƙƙin samun shari'a, ta umarci a biya su sefa miliyan 435. Kuɗi ne, amma ba wanda ya tsaya gaban alƙali ya amsa tambaya a kan wa ya ba da umarni. Idan jinin shugaban ƙasa ya kwanta haka, me za ka ce wa ɗan talakan unguwar Garin Malam? Haka ɗalibai ke fitowa kowace 9 ga Fabrairu suna tuna 'yan'uwansu uku da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990, suna neman a yi shari'a.

Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun nuna abin ba gagara ba ne. An kashe shugaban ƙasarsu Thomas Sankara ranar 15 ga Oktoba 1987. Sai bayan faɗuwar Blaise Compaoré, wanda ya gaje shi, a 2014 dosiyen ya motsa, kuma ranar 6 ga Afrilu 2022 kotun soja ta Wagadugu ta yanke wa Compaoré, Gilbert Diendéré da Hyacinthe Kafando ɗaurin rai-da-rai. Abin lura, mai gabatar da ƙara shekara 30 ya nema wa Compaoré, 20 ga Diendéré, alƙalai suka haura abin da ya nema. Amma Compaoré yana zaune a Kodebuwa, ba a gabansa aka yi ba, kuma an jira shekara 34 kafin a buɗe zaman.

A Najeriya kuma, Manjo Hamza Al-Mustapha ya yi shekaru kusan 15 a tsare a kan kisan Kudirat Abiola na 1996. Kotun Legas ta yanke masa kisa a Janairu 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a Yuli 2013. Wasu suka ce siyasa ce ta ɗaure shi, wasu suka ce siyasa ce ta sake shi. Ko wanne ka ɗauka, shari'ar da ta yi wannan tsawo ta riga ta rasa amincewar rabin jama'a.

Abin da waɗannan suka haɗu a kai shi ne, ƙarfin babba ba ya bayyana a yawan shekarun da aka yanke masa. Yana bayyana a hana shari'ar zama, ko jan ta har shaidu su mutu, ko afuwa.

Mu Musulmi ne. In dangi sun yafe, ko sun karɓi diyya, me ya sa hukuma ba ta sakin mutum?

A shari'ar Musulunci magadan mamaci suna da zaɓi tsakanin ƙisasi, diyya da yafiya, kuma malamanmu sun karantar da mu falalar yafiya. Kotunan Nijar kuwa suna amfani da al'ada da fiƙihu ne a sha'anin aure, saki, gado da gonaki, inda ake zaunar da masana al'ada kusa da alƙali. Kisa ba ya cikin wannan. Doka tana ɗaukarsa laifi ne ga al'umma baki ɗaya, don haka yafiyar dangi ba ta tsayar da tuhuma. Tana shafar diyyar da za su nema, alƙali kuma yana iya dubanta wajen sassauci. Sarakuna, tun daga mai unguwa har fadar Sultan, ikonsu na sulhu ne a rigingimun jama'a, ba su da hurumin rufe maganar kisa.

Na san wannan yana yi wa wasu nauyi. Amma ku duba ta ɗaya gefen. Da yafiya na rufe shari'a, wace bazawara ce za ta iya cewa a'a idan attajirin unguwa ya turo mata dattawa biyar da buhun hatsi, ga limami a gaba? Na ga yafiyar da aka yi don Allah, na kuma ga wadda aka yi don ba yadda za a yi. Daga waje kamarsu ɗaya.

Yaran fale, wato gungun 'yan daba, na Kara-Kara da sauran unguwanni, ana yi masu adalci?

Wasunsu sun zubar da jini, kuma waɗanda suka rasa 'ya'ya a faɗan daba suna da haƙƙi cikakke. Amma suna yakan riga yaro shiga kotu. Da an ji unguwarsu, an ga tabon wuƙa a hannunsa, rabin masu sauraro sun gama hukunci. A faɗan taron dangi kuwa, inda mutum goma suka rufar wa ɗaya cikin duhu, gano hannun da ya yi saran ajali aiki ne mai wuya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora wa wanda aka fi sani. Kotu tana hukunta abin da mutum ya aikata a wannan daren, da hujja. Halinsa na baya yana da wurinsa wajen auna hukunci, amma ba ya zama shaida.

Wanda ba ya jin Faransanci, ba shi da kuɗin lauya, yaya yake yi?

Doka ta ce ba a yi wa mutum shari'ar babban laifi ba tare da mai kare shi ba. Akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon marasa hali, kuma ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Matsalar ita ce mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, kusan kilomita 900 daga nan. Sau da yawa wanda ake naɗa wa talaka yakan ga dosiye ne dab da zama.

Harshe kuwa shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Mutum ya yi bayani da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, a rubuta da Faransanci, a ce ya dangwala yatsa. Bahaushe cikin fushi yana cewa "sai na kashe ka" ga ɗan cikinsa ma. A takarda wannan kalma tana iya zama hujjar cewa ya ƙudura niyya tun da wuri. "Na buge shi" da "na sare shi" da "na ture shi" kowanne da nauyinsa. Na taɓa zama a wata kotu inda wani dattijo ya ce "ban ankara ba", aka juya maganar ta koma kamar yana cewa bai damu ba. Allah ya sa alƙalin yana jin Hausa, ya tsayar da tafinta ya gyara. Tun ranar nake tunanin waɗanda ba su dace da irin wannan alƙali ba. Kada kowa ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshensa ba, wannan haƙƙinsa ne ya nema.

Ɗaukaka ƙara tana da amfani?

Ƙwarai, kuma ba wanda aka ɗaure kaɗai ke da ita ba, mai gabatar da ƙara ma yana ɗaukakawa idan ya ga an yi sassauci fiye da kima. A Afirka ta Kudu ɗan tseren nan Oscar Pistorius shekara 5 aka fara yanke masa a 2014 a kan kisan budurwarsa, masu gabatar da ƙara suka yi ta bi har ta koma shekara 13 da wata 5 a 2017. Wa'adin ɗaukakawa 'yan kwanaki ne, ku tambaya tun a ranar hukunci kafin ku bar harabar kotu.

In kotu na jan ƙafa haka, laifi ne jama'a su gama da makashi nan take?

Laifi ne, kisan kai ne, kuma duk wanda ya jefa dutse yana ciki. Taron da ya taso da ihun "ɓarawo" ba ya tambayar suna, ba ya jin shaida, kuma bai taɓa faɗa wa mai mota da masu gadi ba. Kullum baƙo ne, ko mahaukaci, ko yaron da ba a san gidansu ba. Mai kukan cewa kotu tana danne talaka ya duba wa ake dannewa a titi.

Baba, an kashe mini ƙane. Ban san kowa ba. Me zan yi?

Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ɗana, ga abin da nake gaya wa nawa.

Ko da zuciya na son a gaggauta sutura, a bari likita ya duba gawar ya rubuta abin da ya gani, a ɗauki hoton raunuka. Sa'a biyu na jira sun fi shekara biyar na gardama. Ka rubuta sunayen duk wanda ya gani da lambar wayarsa a ranar, domin bayan sadakar bakwai mutane kan fara mantuwa, wasu kuma a tsorata su. Ka je wurin alƙalin bincike ka shigar da kanka a matsayin mai neman haƙƙi a cikin shari'ar. Wannan mataki shi ne mutanenmu suka fi sakaci da shi, alhali shi ke ba ka damar a sanar da kai abin da ake ciki, lauyanka ya ga dosiye, ka kuma nemi diyya. Ka karɓi lambar dosiyen ka adana. Ka nemi ofishin taimakon shari'a da ke cikin kotu, ba a biyan kuɗi. Duk wanda ya tare ka a ƙofa ya ce kawo wani abu a kai wa alƙali, kada ka ba shi, galibinsu alƙalin bai ma san da su ba.

Sannan ka riƙa zuwa. Wata maƙwabciyarmu da aka kashe wa ɗa ta yi kusan shekara uku tana zuwa kotu duk farkon wata, da 'yar takardarta a ƙulle a bakin zane, ta gaida ma'aikata ta tambayi inda aka kwana. Ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya. Ranar da aka sa zaman, magatakardan da kansa ya aiko yaro har gida ya gaya mata, ta zo da shaidunta biyu da ta riƙe zumunci da su duk tsawon lokacin, aka saurare su.